Tulunan Aro: Dogara Ga Maganar Allah A Ranar Wahala

Wannan shi ne jawabin da tsohuwar ma'ajin ƙungiyarmu ta gabatar a taron godiya na cikarmu shekara 20. Mun buga shi yadda ta faɗa, domin waɗanda ba su samu zuwa ba.

  Waɗanda suka tashi tun asuba suka ɗora tukwanen da muke jin ƙamshinsu daga bayan majami'a, Allah ya saka muku da alheri.

Da aka ce ni zan yi magana yau, na ce a nemi wata. Ni ba mai wa'azi ba ce. Karatuna a firamare ya tsaya, abin da na iya shi ne ƙirga kuɗi da suyar ƙuli-ƙuli. Mama Shugaba ta ce ai dalilin da ya sa aka zaɓe ni ke nan. To, ga ni. In na yi tuntuɓen harshe, ku yi haƙuri da tsohuwa.

Kan maganar da aka ba ni shi ne dogara ga Maganar Allah a cikin gwaje-gwajen rayuwa. Na daɗe ina tunanin inda zan kama, sai zuciyata ta koma kan wata mata da ke cikin Littafin Sarakuna na Biyu, sura 4, aya 1 zuwa 7. In kun koma gida ku buɗe ku karanta da kanku, ayoyi bakwai ne kacal. Na zaɓe ta domin da a garin nan take, da tuni mun rubuta sunanta a littafin zubi. Gwauruwa ce, tana da 'ya'ya maza biyu, ga bashi a wuyanta.

Mijinta yana cikin ƙungiyar annabawa a zamanin annabi Elisha, mutum ne mai tsoron Allah. Ya mutu ya bar bashi. Mai bin bashin ya aiko cewa zai zo ya kwashe yaran biyu su zama bayinsa. A wancan zamani ana yin haka, in dukiya ba ta biya ba sai a biya da mutum. Shari'ar Musa ta sa wa abin iyaka: a Fitowa sura 21 shekara shida ce mutum zai yi bauta, a ta bakwai a sake shi, a Littafin Firistoci sura 25 kuma an hana a riƙe ɗan'uwa matalauci kamar bawa. Amma ku da kuke iyaye kun san abin da shekara shida take nufi ga uwar da aka raba da 'ya'yanta, ga shi kuma su ne za su yi mata noma.

Sai ta je ta kai kukanta wurin Elisha. Ya tambaye ta abin da ya rage mata a gida. Da farko ta ce babu komai, sannan ta tuna da ɗan man da ke cikin wata 'yar kwalba. Man zaitun ne, wanda a ƙasarsu da shi ake girki, da shi ake kunna fitila, da shi ake shafa wa rauni. Annabin ya umarce ta ta bi gidajen maƙwabta ta ari tuluna da babu komai a ciki, kada ta ari kaɗan, ta shiga ɗaki da 'ya'yanta ta rufe ƙofa, ta yi ta zubawa. Ta yi yadda aka ce. Yara suna miƙo tulu tana tsiyayawa, wanda ya cika a ajiye gefe, har ta nemi wani, ɗanta ya gaya mata sun ƙare. Nan man ya tsaya. Ta koma ta faɗa wa annabin, ya ce ta sayar da man ta biya bashinta, abin da ya saura su ci ita da 'ya'yanta.

Abu na farko da ya tsaya mini a rai shi ne mijin nan. Littafin bai ɓoye ba, mai tsoron Allah ne, kuma ya mutu da bashi. Ina so mu ji wannan da kyau, domin akwai wata koyarwa da ta shigo gari, wadda ke cewa duk wadda wahala ta samu, akwai zunubin da ta ɓoye ko kuwa bangaskiyarta ce ta gaza. Na taɓa jin an gaya wa wata 'yar'uwa haka a gidan makoki, gawar ɗanta ko sanyi ba ta yi ba. Haba jama'a! Almajiran Yesu ma sun yi irin wannan tunani a kan mutumin da aka haifa makaho, a Yohanna sura 9, Ubangiji ya gyara musu, ya nuna ba laifin mutumin ba ne, ba kuma na iyayensa ba. Shi da bakinsa, a Yohanna 16 aya 33, ya gaya wa masu binsa tun da wuri cewa za su sha wahala a duniya, ya kuma ƙarfafa su da cewa ya riga ya yi nasara da ita. Saboda haka in wahala ta ƙwanƙwasa ƙofarki, 'yar'uwa, kada ki ce Maganar Allah ta yi ƙarya. Ai ita ce ta fara gaya miki baƙuwar tana hanya.

Abu na biyu, matar nan ba ta zauna a ɗaki tana haɗiye baƙin ciki ba. Ta tashi ta nemi inda za ta ji abin da Allah ya ce. A zamaninta sai an yi tattaki zuwa wurin annabi. Mu kuwa ga shi a hannunmu. Tun 1932 aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa, yau har a cikin waya ana sauraronsa. Kakanninmu da suka fara jin bishara a wannan yanki, tun daga sujadar farko da aka yi a gindin tsamiya a Garkiɗa cikin 1923, yawancin matansu ba su iya karatu ba. Haddacewa suke yi. Mahaifiyata ba ta san baƙi ba har ta koma ga Ubangiji, amma duk Lahadi in an dawo daga sujada sai ta sa ni in maimaita mata ayar da aka karanta, tana surfe tana bina, har ta zauna mata a ka. A lokacin ina ganin takura ce. Ban san guzuri take ɗaura mini ba.

Abu na uku, umarnin da aka ba ta. Ku ɗan sa kanku a matsayinta. Duk unguwa ta san ana binta bashi, duk unguwa ta san babu abinci a gidanta, sai ga ta tana bi ƙofa ƙofa tana neman aron tulu. Kun san bakin mata. Wata za ta ce, “Me za ta zuba a ciki, ita da ba ta da ko na miya?” Wata za ta ce baƙin ciki ya taɓa mata kai. A lokacin da take wannan yawon, man da ke kwalba bai ƙaru da ko ɗigo ɗaya ba. Ba ta ga alama ba tukuna. Magana kawai aka gaya mata, ta ɗauka ta yi aiki da ita. Ni a fahimtata ta tsohuwa, dogara ga Maganar Allah ke nan: ki yi abin da ya ce tun kafin ki ga inda zai ɓulle.

Kuma kada mu manta da maƙwabtan. Ba a faɗi sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, amma da sun hana tulunansu, a ina za a zuba man? Allah da ya iya ƙara mai, ai ya iya ƙera tulu. Sai ya ga dama ya bi ta hannun maƙwabta. Shekara 20 da suka wuce, mu goma sha biyu muka zauna a kan tabarma a bayan wannan majami'a muka fara zubin naira 100 duk mako. Ba mu da ofis, ba mu da asusun banki, gwangwanin madara ne ma'ajiyarmu. Abin da muka yi tun daga ranar har yau, aron tulu ne muke ba juna. Wannan ta kwasa ta sayi buhun gyaɗa, waccan ta kwasa ta biya kuɗin makaranta, wata ta sayi keken ɗinki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yanzu bari in ba ku nawa labarin. Tsofaffin 'yan ƙungiya sun san shi, amma matasan da suka shigo daga baya ba su sani ba, 'ya'yana ma ba duka suka sani ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Babu wanda ke zaune a nan da zai manta ƙarshen watan Oktoba na 2014, lokacin da 'yan bindiga suka shiga Mubi da garuruwan kewaye. Lokacin kaka ne. Gyaɗa tana shanye, dawa ta kusa yanka, muka bar komai muka kama daji. Wasunmu suka hau duwatsu suka tsallaka Kamaru, wasu suka nufi Yola, wasu har Jos. A ranar ni ce ma'aji. Da na ji ƙarar harbi, na shiga ɗaki na ɗauki littafin zubi da kuɗin ƙungiya da ke hannuna, na ƙulle su a zane na ɗaura a ƙugu, na goya jikata, muka fita. Sai da muka yi nisa na tuna Littafi Mai Tsarki nawa yana nan kan akwati. Kun ji ko? Littafin kuɗi na ɗauka, na bar Littafin Allah. Na daɗe ina jin kunyar wannan abu.

Kwana uku muka yi a daji. Da dare in yara sun fara kuka, ba wuta, ba littafi, sai ayoyin nan da mahaifiyata ta sa ni maimaitawa suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Zabura 23, Zabura 46, Zabura 121. Ina raɗa musu a kunne har su yi barci. A nan na gane abin da tsohuwar take yi mini a bakin turmi. Iyaye mata, abin da kuka zuba a kan yaro, shi ne ba a iya ƙonawa, ba a kuma iya ƙwacewa a shingen hanya.

Amma gwajin da ya fi mini tsanani, ba a daji ya same ni ba. Da muka fito bakin titi, masu mota suka ninka kuɗi. Mu tara ne, ga maigidana ba lafiya, ƙafarsa ta kumbura. Na kwance zanen nan na biya mota da kuɗin ƙungiya. A Yola na sayi abinci da shi, na sayi magani da shi. Kafin wata biyu, fiye da rabin kuɗin ya tafi. Maigidana kuma bai tashi ba, a can muka binne shi.

Da aka fara komawa gida cikin 2015, muka sa ranar da za mu sake zama. Daren da za a yi taron ban runtsa ba. Wata murya tana ce mini, “Ki ce kuɗin ya faɗi a daji. Wa zai ƙaryata ki? Kowa ya yi asara. Ke gwauruwa ce yanzu, da me za ki biya?” Gaskiya ne kuwa, da na faɗi haka babu wadda za ta yi mini tambaya ta biyu. Har ma za su yi mini jaje. A ɗaya gefen kuma ga abin da na sani tun ina yarinya: cewa Allah yana ƙin leɓunan ƙarya, kamar yadda Karin Magana sura 12 ta koyar, cewa kuma ya ɗauki alkawarin zama mai tsaron gwauraye da uban marayu, kamar yadda yake a Zabura 68. Sai na ga ashe zaɓi biyu ne a gabana. Ko in dogara ga ƙaryata ta rufa mini asiri, ko in dogara ga Maganarsa ta rufa mini. Ba zai yiwu in riƙe duka biyun ba.

Da gari ya waye na zo na ajiye littafin da ragowar kuɗin a kan tabarma, na faɗi abin da na kashe, har na ƙwandala. Ban iya ɗaga kai ba. Wurin ya yi tsit. Sai wata daga cikin iyayenmu, wadda ta riga mu gidan gaskiya yanzu, ta ce, “'Yata, da ni ce ke riƙe da kuɗin nan, ni ma da na ciyar da yarana. Tashi zaune.” Wasu suka ce a yafe gaba ɗaya. Na ce a'a, amana ce, a rubuta mini shi bashi, sai dai a ba ni lokaci. Aka rubuta.

To da me zan biya? Gidana an kwashe, ko cokali ba a bari ba. Abin da ya rage mini shi ne hannuwan nan biyu da sanin yadda ake matse gyaɗa. 'Yar kwalbata ke nan. Na bi maƙwabta aro, kamar matar can. Wata ta ba ni turmi, wata ta ba ni babbar tukunya. Kaskon suya kuwa, wata maƙwabciyata Musulma ce ta ba ni, ita ma ba ta daɗe da dawowa daga gudun hijira ba, ta ce in riƙe har in samu nawa. Ƙungiya ta ba ni tiya biyar ta gyaɗa. In soya, in murje, in kai markaɗe, in dawo in matse mai, tunkuzar in murza ƙuli. Ranar kasuwa in sayar, in cire na zubi, in cire na bashi, mu ci saura. Shekara biyu da 'yan watanni na yi kafin a ja layi a kan sunana.

Ban ga mu'ujiza irin ta matar can ba, man gyaɗata bai taɓa ƙaruwa a cikin jarka ba. Abin da na matse shi nake samu. Amma ban kwana da yunwa ba ko sau ɗaya, ba a kori jikokina daga makaranta ba, yau kuma ina iya tsayawa a gabanku in dubi idon kowa. In wannan ba cikar alkawari ba ne, to ban san sunansa ba.

Sai dai dole in faɗi wata magana, domin akwai waɗanda ke zaune a nan da zuciyarsu ke cewa, “Mama, ke naki ya yi kyau. Ni fa?” Akwai matan da har yau ba su ga gawar mazansu ba balle su yi makoki. Akwai uwar da har gobe in an taɓa ƙofa sai gabanta ya faɗi, ko ɗanta ne ya dawo. Akwai wadda ta yi addu'a da azumi a kan mara lafiya, ya tafi duk da haka. Ba ni da amsar da za ta share wannan hawaye, kuma ba zan yi muku ƙarya a gidan Allah ba. Abin da na sani shi ne Littafi Mai Tsarki bai ɓoye irinku ba. Ibraniyawa sura 11 ta lissafa waɗanda bangaskiya ta fitar daga bakin zaki da wuta, sannan a ƙarshen surar ta lissafa waɗanda aka jajjefe, aka kashe da takobi, suka yi ta yawo a jeji da kogwanni, ta kuma yaba wa bangaskiyarsu duka ba bambanci. Abokan Daniyel uku, a sura 3, sun gaya wa sarki Nebukadnezzar cewa Allahnsu yana da ikon cetonsu, amma ko bai cece su ba, ba za su rusuna wa gunki ba. Annabi Habakuk, a ƙarshen littafinsa, ya kwatanta shekarar da gona ba ta ba da komai ba, garke kuma ya watse, ya ce duk da haka zai yi murna da Allah mai cetonsa. Mu manoma mun san irin wannan shekarar.

Kuma ba laifi ba ne ki yi kuka. Na'omi ta koma Baitalami ba miji ba 'ya'ya, ta ce a daina kiranta da sunanta, a kira ta da sunan da ke nufin ɗaci. Allah bai tsawata mata ba. Ya bar mata Rut a gefenta, ya kuma kai su daidai farkon girbin sha'ir. Zabura cike take da kukan mutanen da ke tambayar Allah har yaushe. Wadda take kai ƙara wurin Allah, ai ba ta rabu da shi ba, ta san akwai mai ji ne. Mu kuma da muke kewaye da ita, aikinmu mu zama Rut. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Ga wani gargaɗi kuma. Inda wahala ta yi yawa, 'yan kasuwar addu'a ba sa nisa. Za a zo miki da 'yar kwalbar mai ko ruwa, a ce in kin saya kin shafa, bashi zai narke, miji zai dawo, ciwo zai tafi. Har da wannan sura da muka duba ake kafa hujja. Ku lura, Elisha bai sayar wa matar nan da komai ba. Da man gidanta aka yi aikin. A sura ta gaba ma, da Na'aman ya warke daga kuturta ya kawo dukiya mai yawa, annabin ya ƙi karɓa, baransa Gehazi da ya bi ta baya ya karɓa kuwa, kuturtar ta koma kansa. Ba duk mai jawo aya ne ke faɗin gaskiya ba. Shaiɗan kansa ya jawo Zabura 91 sa'ad da yake gwada Yesu, a Matiyu sura 4. Saboda haka ku karanta da kanku, ku karanta abin da ke gaban ayar da abin da ke bayanta, in ba ku gane ba ku tambayi masu koyarwar da kuka san rayuwarsu. Na san 'yar'uwar da ta kai kuɗin kwasarta gaba ɗaya irin wannan wuri. Bashin yana nan, kuɗin ne ya tafi.

Yanzu bari in zo kan abin da ke gabanmu, domin biki ba zai hana mu faɗin gaskiya ba. Kun ji rahoton ma'aji ɗazu. Asusun rance ya yi ƙasa, sababbi suna jira ba abin ba su, domin waɗanda suka karɓa da yawa ba su dawo da shi ba. Mun san dalili. Annobar korona ta 2020 ta rufe kasuwanni. A farkon 2023 aka canza takardun naira, muka yi makonni ga kaya ga masu saye amma ba tsabar kuɗi. A ƙarshen watan Mayu na 2023 aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota da na markaɗe da na taki suka tashi, jari ya narke a hannun mutane. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. A zama mai zuwa za a yanke shawara a kan wannan, na kuma ji ana cewa a je a kwaso kekunan ɗinki da injinan markaɗe na waɗanda suka kasa. Ni ba ni cikin kwamiti yanzu, amma tunda an ba ni bakin magana, zan yi amfani da shi.

Ku da ake bi, kada ku ɓuya. Na lura wasu sun daina zuwa taro, wasu har sujada sun daina, in sun hango ma'aji a kasuwa sai su sake layi. Na san wannan kunyar, na kwana da ita. Matar can ba ta samu mafita ba sai da ta buɗe baki. Ki zo ki faɗi halin da kike ciki, a zauna a tsara, ko naira 200 ce duk mako ki fara. Sannu ba ta hana zuwa. Ku tuna kuma da abin da annabin ya sa a gaba: a biya bashi tukuna, sannan a ci saura. Wadda kuwa take da halin biya amma ta ƙi, tana ɗinka ankon biki tana cewa ai kuɗin ƙungiya na kowa ne, ta karanta Zabura 37 aya 21 ta ga sunan da aka ba mai ci bashi ya ƙi biya. Kuɗin nan gumin gwauraye ne da masu tallan ƙosai.

Ku kuma shugabanni, da mu da muka biya namu, kada mu zama mutumin nan da ya zo kwasar 'ya'yan gwauruwa. A Maimaitawar Shari'a, wadda tsohon juyi ke kira Kubawar Shari'a, sura 24, an hana karɓar dutsen niƙa a matsayin jingina, domin da shi mutum yake rayuwa. A cikin wannan surar aka hana karɓar tufar gwauruwa jingina. Dutsen niƙan zamaninmu shi ne injin markaɗe da keken ɗinki. In kun ɗauke, da me za ta biya? A Nehemiya sura 5, mutane da matansu sun yi kuka saboda bashi ya cinye gonakinsu da 'ya'yansu a lokacin yunwa, Nehemiya ya tara manya ya sa suka mayar. Shawarata ita ce a raba masu bashin gida biyu. Wadda ta kasa, a tsayar da kuɗin ruwa a kanta, a ƙara mata lokaci, a haɗa ta da wata tsohuwar hannu da za ta riƙa duba sana'arta. Wadda ta ƙi, a aika mata dattawa mata biyu su yi mata magana a ɗaki, kafin a kawo sunanta gaban taro. Wata za ta ce in muka yi sassauci asusu zai mutu. Tsoron nan gaskiya ne, ni ma na riƙe littafin na sani. Amma a nan ne ƙungiya ita ma za ta nuna ko ta gaskata abin da take karantawa. Da kun matsa mini a 2015, da kun samu tsohuwar tabarma da bokiti. Da kuka yi mini haƙuri, kun samu kuɗinku cif, ga ni kuma har yau ina zubi.

Ku mazajenmu, mun gode da kuka zo. Roƙo ɗaya nake muku: rancen da matarka ta karɓo don sana'a, kada ka karɓe ka ce za ka mayar bayan kaka. Sunanta ne a littafi, ita ce za ta sha kunya. Ku kuma 'ya'yanmu, a labarin nan yaran ne suke miƙo tuluna. Sun ga abin da Allah ya yi da idonsu domin suna cikin ɗakin. Ku tsaya kusa da iyayenku mata, ku taya su aiki, ku karanta wa waɗanda idonsu ya raunana. In uwarka ta ce ka maimaita mata ayar Lahadi, kada ka yi tsaki.

Mu goma sha biyun da muka fara, biyar sun tafi gida wurin Ubangiji. Ba su ga wannan rana ba, amma tulunansu ne muke ta cikawa. Kaskon da maƙwabciyata ta ara mini, na mayar mata tuntuni da kwalbar mai a ciki. Littafi Mai Tsarki nawa na farko ban sake ganinsa ba, Zumuntar Mata ce ta ba ni wannan da ke hannuna, kuma yanzu a cikin jaka ɗaya yake kwana da katin zubina.

Mu sunkuyar da kai mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin shekarun nan 20. Ka ga ranar da muka yi dariya, ka ga ranar da muka gudu ba takalmi. Ka ta'azantar da waɗanda har yanzu suke jiran labarin nasu. Ka ba masu bashi ƙarfin hali su fito, ka buɗe musu hanyar biya. Ka ba shugabanninmu hikima da tausayi a zama mai zuwa. Ka sa Maganarka ta zauna a zukatanmu da na 'ya'yanmu, mu yi biyayya da ita ko ba mu ga alama ba tukuna. Ka ba ƙasarmu salama, mu da maƙwabtanmu duka. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.